Tsamin jiki bayan tirenin: wai da gaske laktik asid ne ke kwanciya a tsoka?

Kocin_Layi:

Assalamu alaikum jama'ar zaure, dan Allah masana ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai tun jiya. Ina horar da yara ƙwallo a unguwarmu nan cikin birnin Kano, 'yan shekara 16 zuwa 19 ne, mun yi kusan sati biyar ba tirenin saboda jarabawa da hidimar sallah, to ranar Asabar da muka dawo sai nace bari mu fara da Dutsen Dala tunda kusa damu yake, suka hau matattakalar nan da gudu suka sauko da gudu har sau takwas, kuma wlh a ranar babu wanda ya yi ƙorafi har ƙwallo muka ɗan taɓa da yamma. Lahadi aka fara ɗingishi, yau Litinin kuwa abin ya ɓaci, wasu ko tsugunno basa iyawa, ɗaya yace min a zaune ya yi sallar asuba dan gaban cinyarsa ya ƙi lanƙwasuwa.

Mataimakina yace laktik asid ne ya taru ya kwanta a naman, wai sai an yi musu tausa mai ƙarfi da ruwan zafi an kore shi, har yana cewa a jiƙa musu kanwa su sha ta kashe tsamin. Ni dai ban yarda na basu ba tukuna. Abinda nake son sani, in asid ne me yasa bai dame su ranar Asabar ba sai da aka kwana biyu? Kuma su masu binciken nan ta yaya suke sanin abinda ke faruwa cikin tsokar mutum mai rai, hoton asibiti yana nunawa ne ko hasashe ne kawai? Ngd.

Malam_Fiziyo:

Wa alaikumussalam Koci, sannu da ɗawainiya da yaran nan Allah ya biya. Tun kafin dogon bayani, a ajiye maganar kanwa, babu wani asid a cinyar da zata je ta kashe, ciki kawai zata ɓata musu. Kuma tambayarka ta farko ita ce amsar ma, ka riga ka kama bakin zaren da kanka.

Fiziyoloji nake koyarwa kuma duk shekara sai mun yi wannan muhawarar da ɗalibai, na lura mu Hausawa abin ya fi saurin shiga kanmu saboda dama cewa muke "jikina ya yi tsami", to da mutum ya ji ance asid sai yace ai magana ta fito. Sunan ma daga nono aka samo shi, wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, shi ya fara tace shi daga madarar da ta yi tsami a 1780, wato tsamin da kake ji a kindirmo shine wannan. Bayansa wani masanin sinadarai ɗan Suwidin, Berzelius, ya same shi a naman wata dabbar daji dangin barewa da mafarauta suka kora har ta gaji. Sai a 1907 Fletcher da Hopkins a Kambirij suka ɗauki tsokar ƙafar kwaɗo suna jona mata lantarki tana motsi har ta daina, suka auna suka ga asid ɗin ya taru, in an bata iskar oksijin kuma ya ragu. A kan wannan layin A.V. Hill da Otto Meyerhof suka ci kyautar Nobel ta 1922. Aiki ne babba ba mai raina shi, amma ka lura ƙafar kwaɗo ce da aka yanke aka ajiye, babu jinin da ke zagayawa ya kwashe komai, shi kuma yaronka zuciyarsa na bugawa. Daga nan labarin ya fita daga ɗakin gwaji ya shiga filin wasa ya zauna daram har yau.

Yanzu ga lissafin. Mutum na zaune laktet ɗin jininsa, wato sigar da laktik asid ke kasancewa a jiki, wajen milimol 1 ne a lita (milimol ma'aunin yawansa ne), in ya yi gudun fitar rai zai iya haura 10, 'yan tsere ma har kusan 20, amma da ya tsaya cikin kamar awa ɗaya ya koma inda yake, in yana ɗan tattaki ma ya fi saurin sauka. Kenan kafin yaranka su isa gida su yi wanka ranar Asabar an gama da shi. Shi kuma wannan tsamin sai bayan awa 24 zuwa 72 yake kai maƙura. Abinda ya bar jiki tun Asabar da hantsi ba shi zai hana mutum ruku'u ranar Litinin ba.

An ma gwada abin kai tsaye. A 1983 Schwane da abokan aikinsa a Amurka suka sa mutane gudun minti 45 a kan injin gudu, sau ɗaya a shimfiɗe sau ɗaya an karkata shi gangare. Gudun shimfiɗe ya ɗaga laktet amma ba su yi tsami ba, gudun gangare bai ɗaga laktet ba amma su ne suka kwana biyu suna ciwo. To ka ga Dala kenan, ba hawan ne ya kama su ba, saukowar ce.

Dalili kuwa, in kana saukowa tsokar gaban cinya birki take takawa, tana ja amma nauyinka yana miƙar da ita a lokaci guda, kamar mai riƙe da igiyar guga cike da ruwa yana sassauta ta cikin rijiya a hankali. Irin wannan aikin baya cin iska sosai shi yasa basu ji haki ba, amma zaruruwa kaɗan ne ke ɗaukar nauyi mai yawa, sai wasunsu su ɗan yage ƙanana ƙanana yadda ido baya gani. Tun 1902 wani Theodore Hough ya faɗi haka ba a kula shi sosai ba, sai a 1981 Fridén da Sjöström da Ekblom a Suwidin suka sa mutane gudu suna sauka daga bene, bayan kwanaki suka ciri ɗan nama suka duba da madubin lantarki mai ƙarfi, suka ga layukan da ke riƙe da zaruruwan, waɗanda ake kira layin Z, sun karkace sun tarwatse a wurare. Bayan yagewar sai ruwa ya taru, fararen ƙwayoyin jini su zo gyara, jijiyoyin jin zafi na wurin su ƙara saurin ji, wannan duk yana ɗaukar lokaci, shi yasa ciwon ke makara.

Shi kuwa laktet ɗin da ake zagi abinci ne. George Brooks na jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya shafe tun shekarun 1980 yana nuna cewa zuciya na ƙona shi, sauran tsokoki na ƙona shi, ƙwaƙwalwa ma na amfani da shi, hanta kuma ta mayar da wani ya koma suga, wannan zagayen na hanta sunan Carl da Gerty Cori yake ɗauke da shi, mata da miji ne da suka samu Nobel a 1947.

Ka basu kwana biyar zuwa bakwai zai wuce, su riƙa tattaki da ɗan motsi mara nauyi, su ci su ƙoshi su yi barci. Kuma in suka koma Dala bayan sati biyu zaka ga tsamin bai kai na farko ba ko kusa, tsoka tana koyon darasi daga karo ɗaya. Kuskuren kawai shine sau takwas a ranar farko bayan hutun sati biyar, da biyu ko uku aka fara kuma a sauko da tafiya.

Tsohon_Lamba_Shida:

Malam Allah ya ƙara ilimi, amma ni fa ina da ja. Na buga ƙwallo sama da shekara goma sha biyar kafin gwiwa ta zaunar dani, kuma duk wanda ya taɓa bin ɗan gaba da gudu daga tsakiyar fili har layi ya san wannan raɗaɗin da ke kama cinya kamar an zuba barkono, ƙafa ta yi nauyi ta ƙi ɗaguwa, wannan a take yake zuwa ba sai an kwana ba, shi kuma menene in ba asid ba? Sannan tausa da ruwan zafi mu mun ga amfaninsu a jikinmu ba labari aka bamu ba. Kuma har yanzu baka amsa wa Koci tambayarsa ta biyu ba, kai da kanka kace na kwaɗo yankakke ne, na benen kuma sai bayan kwanaki aka duba, to wa ya taɓa leƙa cikin tsokar mutum a daidai lokacin da yake gudun? Ba musu nake ba, so nake na gamsu.

Anti_Mai_Hoto:

Baba Lamba Shida wannan ɓangaren nawa ne bari na shigo, aikina kenan ɗaukar hoton MRI, kuma amsar ita ce eh an leƙa, ta hanya biyu ma.

Ta farko allura ce. A 1962 wani likita ɗan Suwidin Jonas Bergström ya fito da wata allura mai kauri da ake sokawa a cinya bayan an kashe zafin wurin a ciro ɗan nama ƙanƙani, nan take a daskarar da shi a auna. Shi da Eric Hultman a 1966 a kan kansu suka yi gwajin, keke ɗaya suka sa a tsakiya kowa na tuƙawa da ƙafa ɗaya ɗayar na hutawa har suka gaji, sannan suka yi kwana uku suna cin abinci mai sitaci suna ciran naman ƙafafun, sai ga ƙafar da ta yi aiki ta tara gilaikojen, wato sugan ajiya na tsoka, fiye da wadda ta huta nesa ba kusa ba. Duk wannan cika ciki da taliya da 'yan gudun fanfalaki ke yi kafin tsere daga nan ya samo asali. Amma allura ba zaka yi ta soka wa mutum duk bayan daƙiƙa biyar ba.

Ta biyu ita ce maganaɗisu, kuma ita ta fi burge ni. Injin MRI ba haske mai cutarwa yake harbawa ba irin na eksire ko siti sikan, babban maganaɗisu ne da igiyar rediyo, na tesla 1.5 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) ƙarfinsa ya ninka na maganaɗisun duniya wajen sau 30,000. Hoton da muka saba ɗauka haidirojin ɗin ruwan jiki muke saurara, a tesla 1.5 yana amsawa a wajen megahaz 64. To in ka murɗa kamar mai canza tashar rediyo ka koma wajen 26, sai ka kama fosforas, kuma sinadaran da ke bai wa tsoka ƙarfi a take akwai fosforas a jikinsu. A nan ba hoto zaka gani ba, zane ne mai tsaunuka, dogo ɗaya na fosfokiriyatin, wato ajiyar ƙarfi ta gaggawa, uku na ATP, wato sinadarin da tsoka ke kashewa kai tsaye ta yi motsi, ƙarami ɗaya na fosfet sakakke, wato abinda ke raguwa in an kashe su. A 1974 David Hoult da George Radda da abokansu a Oksfod suka fara nuna haka a tsokar ɓera ba tare da an niƙa ta ba, daga baya aka samu injin da hannun mutum ko ƙafarsa zai shiga, Britton Chance ma a Filadelfiya ya yi aiki sosai a kai. Mutum na ciki yana matsa wani abu da hannu ko yana taka feda, kai kuma kana kallon allo, tsaunin fosfokiriyatin na sauka na fosfet na hawa, shi ATP kusan baya motsi dan jiki na kare shi. ATP ɗin da ke ajiye na 'yan daƙiƙu ne kawai, fosfokiriyatin ke cike gurbin na wajen daƙiƙa goma na gudun fitar rai. Tazarar da ke tsakanin tsaunin fosfet da na fosfokiriyatin kuma ita ke gaya maka tsamin asid na cikin tsokar, a hutu ma'auninsa da ake kira pH na wajen 7, in aiki ya yi tsanani ya sauka wajen 6.5 ko ƙasa. Kenan Baba gaskiyarka tsoka na yin tsami a lokacin gudun, an gani. Amma a kan allon nan dai zaka zauna ka ga ya koma daidai cikin mintuna bayan an tsaya, fosfokiriyatin ma rabinsa ya dawo cikin kamar rabin minti, kusan duka cikin minti uku zuwa biyar. Harris da Hultman sun nuna a 1976 cewa in ka ɗaure cinyar da abin awon hawan jini ka tare jini, baya dawowa sam sai ka kwance, shi yasa yanzu ake amfani da saurin dawowarsa a auna lafiyar injinan ƙona iska na cikin tsoka.

Amma hujjar da ta fi kashe bakin kowa ita ce cutar McArdle. A 1951 Brian McArdle a asibitin Guy's na Landan ya ga wani mutum ɗan shekara 30 da tun yana yaro in ya yi ɗan aiki sai tsokarsa ta yi ciwo ta ɗaure, ya sa shi motsa hannu an tare jini ya auna, laktet bai tashi ba ko kaɗan. A 1959 aka gano sinadarin da ke farfasa gilaikojen ne babu a tsokarsu, ga rumbu cike da hatsi amma ba mabuɗi. A 1981 Ross da Radda suka sa hannun mai wannan cutar cikin maganaɗisu a Oksfod, yana aiki fosfokiriyatin ya zube warwas amma tsamin bai ƙaru ba. To ga mutanen da jikinsu baya iya tara laktik asid, kuma su suka fi kowa saurin gajiya da ciwo da ɗaurewar tsoka. Ranar da na fara karanta wannan na daɗe ina juya shi a raina.

Ko hoton MRI na yau da kullum ma yana nuna wani abu, Fleckenstein a Dallas ya nuna a 1988 cewa tsokar da ta gama aiki tana yin haske a wani nau'in hoton na ɗan lokaci, in kuma ta ji rauni irin na gangare hasken kumburin na iya kwanaki. Da za'a sa yaran Koci yau da an ga gaban cinyar ya yi fari fari.

Sai dai kar wani ya tafi asibiti neman wannan. Awon fosforas sai injin mai ƙarfi da na'urar saurare ta musamman dan muryarsa bata kai kashi goma cikin ɗari na ta haidirojin ba. Wani bincike da Godwin Ogbole na Ibadan da abokansa suka fitar a 2018 ya ƙirga injin MRI 84 a duk Afirka ta Yamma, 58 a Najeriya, kuma mafi yawansu masu ƙaramin ƙarfi ne. Manyan kuma sai da ruwan hiliyam mai sanyin kusan 269 ƙasa da sifili da wutar da bata ɗaukewa. Abin na min ciwo gsky, dan tambayoyin da suka shafe mu, zafin Afrilu, azumi, sikila, mu ya kamata mu riƙa aunawa a jikin mutanenmu. Amma ɗaliban da ke karanta wannan kar ku karaya, da injin sikanin irin na masu ciki ana auna kaurin tsoka, ga ƙaramin abin awon laktet da ɗigon jini ɗaya, ga gwajin CK a lab, wato sinadarin da ke zubowa cikin jini in tsoka ta ji rauni, da waɗannan ma ana aikin da za'a buga.

Malam_Fiziyo:

Anti Allah ya saka da alheri kin gama magana. Baba Lamba Shida, raɗaɗin da kake ji a take daban, tsamin bayan kwana biyu daban, haɗa su da aka yi shine matsalar. Na take ɗin akwai hannun tsamin asid a ciki tare da potasiyam da wasu sinadarai da ke taɓa jijiyoyin jin zafi, wannan ba'a musu. Nauyin ƙafar kuma masana har yanzu suna ja in ja a kai, su Westerblad na cibiyar Karolinska a Suwidin da David Allen na Sidni sun nuna cewa in aka yi gwajin a ɗumin jiki na gaskiya ba a sanyin ɗakin gwaji ba, tsami baya rage ƙarfin tsoka sosai, sun fi ɗora laifin a kan fosfet ɗin nan da Anti tace tsauninsa na hawa, wasu kuma na ganin tsamin na da nasa kason musamman in sun haɗu. Ni ina ganin duka biyun na aiki. Tausa kuwa ban hana ba, tana rage jin ciwon kuma wannan amfani ne, kawai dai ba wani abu take korewa ba, kuma a yi ta da sauƙi, naman da ya yage ba'a murje shi da ƙarfi.

Kocin_Layi:

Kai jama'a na ƙaru wlh, na karanta wa mataimakina ma ya yi shiru. Yau Talata yawancinsu sun fara warwarewa. Ɗaya ne dai har yanzu yake kwance, shine dama ya fi kowa zuciya ranar, sau goma ya yi dan ya burge, cinyoyinsa sun kumbura sun yi tauri kuma ɗazu yake ce min fitsarinsa ya yi duhu kamar shayin da ba madara kuma kaɗan yake fita, nace ya ƙara shan ruwa, na siyo masa diklofenak a kemis yana sha tun jiya. Shima zuwa Juma'ar zai ware ko?

Likitar_Dare:

Koci dan girman Allah ka ajiye wayar nan ka je gidansu yanzu ku kai shi asibiti, ɓangaren gaggawa, kar a jira gobe kuma kar ya ƙara shan diklofenak ɗin ko ibuprofen ko ɗaya. Wannan ya wuce tsamin jiki da su Malam ke bayani.

Kumburi da tauri da fitsari mai launin shayi da ya ragu bayan aiki mai tsanani, abinda muke fara tsoro shine tsoka ta farfashe da yawa har kayan cikinta sun zubo cikin jini, a asibiti rabdo muke ce masa a taƙaice. Akwai wani sinadari ja mai riƙe iska a tsoka, mayoglobin, shi ke bi ta ƙoda ya rina fitsarin kuma yana toshe ƙananan bututun ƙodar ya ƙona su, ga potasiyam da ke fitowa wanda in ya yi yawa yana rikita bugun zuciya. Tun 1941 Bywaters da Beall suka bayyana haka a Landan a jikin mutanen da gini ya danne lokacin ruwan bama-bamai, a ciro mutum da ransa bayan kwanaki ƙoda ta tsaya. Su kuma waɗannan magungunan ciwon jikin suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga rashin ruwa ga mayoglobin, ka ga an haɗa mata uku. Ba laifinka nake gani ba, kowa haka yake yi, amma a tsaya haka.

In kun je ka faɗa musu komai, sau nawa ya hau ya sauka, ranar da fitsarin ya canza, maganin da ya sha da adadinsa. Za su duba CK a jini, in ya ninka iyakar lafiya sau biyar zuwa sama ana ɗaukarsa rabdo ne, su duba aikin ƙoda da potasiyam, fitsarin kuma abin gwaji zai nuna kamar akwai jini amma a madubi ba'a ga jajayen ƙwayoyi ba. Za su kuma duba maleriya da hanta dan suma suna rina fitsari. Maganin mafi yawa ƙarin ruwa ne ta jijiya da yawa da wuri, kuma in an zo da wuri yawanci ƙoda na tsira lafiya lau.

Sannan a duba jinotayif ɗinsa in ba'a sani ba. A ƙasar nan kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma AS ba ciwo bane, da yawa daga manyan 'yan wasa AS ne, amma in aka haɗa gudun fitar rai da zafi da ƙishirwa da rashin sabo, haɗarinsu ya ɗan fi. Binciken John Kark na 1987 a kan sababbin sojojin Amurka ya nuna mutuwar fuju'a a lokacin horo ta fi yawa sosai ga masu AS. A 2016 kuma Nelson da abokansa suka bi sojoji baƙaƙen fata kusan 48,000 a lokacin da rundunar ta riga ta tsaurara dokar shan ruwa da hutu da kula da zafi, suka ga haɗarin rabdo ya fi da kashi 54 cikin ɗari ga masu AS, kwatankwacin na mai shan taba, amma mutuwa bata fi ta sauran ba. Wato ba cire yaro daga ƙwallo ake ba, tsarin tirenin ake gyarawa wa kowa da kowa, a fara a hankali bayan hutu, ruwa a kusa, wanda yace ya gaji a barshi ya tsaya kar a zuga shi, wanda ke zazzaɓi kar ya fito. Ka tashi yanzu dan Allah, ka dawo ka bamu labari.

Kocin_Layi:

Salam jama'a, ku yi haƙuri da shiruna kwana uku muna asibiti ne. Likita Allah ya saka miki da gidan aljanna, a daren na je na samu mahaifinsa na nuna masa saƙonki muka ɗauke shi a adaidaita. Abinda kika faɗa shi suka faɗa, CK ɗin ya hau sosai kuma ƙodar ta fara taɓuwa kaɗan, suka kwantar da shi suka yi ta ɗaura ruwa leda bayan leda suna auna fitsarin da yake yi, zuwa jiya Alhamis ya washe ya koma kalarsa, yau da safe suka sake gwaji sukace ƙodar ta dawo daidai, gobe in sha Allah za'a sallame mu. Jinotayif ɗin AS ne kuma duk gidan babu wanda ya sani sai yanzu, mahaifin yace zai kai sauran ƙannensa ma a duba.

Sun ce kar ya taɓa tirenin sai ya dawo an sake duba jinin sun bada izini, kuma ko an bashi a hankali zai fara. Sauran yaran duk sun ware, na tara su jiya da yamma na ce duk wanda ya ga fitsarinsa ya canza kala ya faɗa min a ranar ba kunya, kuma na roƙi iyaye kowa ya kawo min sakamakon jinotayif kafin ƙarshen wata. Malam Fiziyo in ba damuwa dan Allah ka rubuto min yadda zan tsara musu sati biyun farko bayan kowane hutu, Dala dai mun ɗaga ta sai bayan sati uku kuma da tafiya za'a riƙa saukowa.